Neman shawara: fitilar reluwe da mahaifinmu ya bari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malama ce ni a wata firamare a nan cikin garin Sakkwato. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Ƙaura Namoda, kuma cikin kayan da ya bari akwai fitilar hannu ta ƙarfe mai cin kananzir. In an murɗa ta, gilashin gaba ya kan sauya: ja, fari, sai wani shuɗi. Ina son in kai ta aji, don yawancin yaranmu ba su taɓa sa jirgin ƙasa a ido ba. Mi launukan ke nufi? Shuɗin nan ya ɗaure mini kai, ni dai kore na sani. Ƙanena kuma ya matsa a cire lagwanin a sa mata ƙwan lantarki. Don Allah a ba ni shawara.

Wani tsohon ma'aikacin reluwe, daga Gusau:
Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya gafarta wa abokin aikinmu. Kada ki bari a sa mata ƙwai. Wannan shuɗin shi ne koren. Harshen wutar kananzir yana da ruwan ɗorawa, in ya ratsa shuɗin gilashi sai ya fito kore shar. Ki kunna ta da dare ki gani. Da farin ƙwan lantarki, shuɗi za ta ba ki, an ɓata ta ke nan.

Da rana tuta muke ɗagawa, da dare sai fitila. Ja na nufin tsaya, babu musu. Kore shi gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgin a kan hanya, ke ɗaga wa direba daga baya, alamar kowa ya shiga, a tashi. Fari kuwa na wurin haɗa taragu ne, bisa ƙa'idar Ingila da aka gada: a kaɗa shi sama da ƙasa, direba ya yi nesa da kai, a kaɗa hagu da dama, ya matso. Abu guda ki jaddada wa yara: kowace irin wuta in aka kaɗa ta da ƙarfi, ko tocila ce, direba zai taka birki. Mutum na tsakanin taragu cikin duhu, ƙarar kan jirgi ta hana jin kira, ransa na hannun wannan fitila.

Wani malamin tarihi, Sakkwato:
Gaskiya ne Baba. Malama, ki ƙara musu da cewa a farkon zamanin reluwe fari ne ke nufin hanya lafiya. Sai aka ga in jan gilashi ya fashe, direba zai hango fari ya afka cikin haɗari, shi ya sa aka koma kore. Ki kuma nuna musu a taswira yadda dogon ya taso daga Zariya, ya bi Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura a 1929, bai ƙaraso mana ba.

Wani mai gyaran fitilu da risho:
Hajiya, kada a goge ta da yashi ko a yi mata fenti. Tsumma da ɗan kananzir sun isa su ɗauke tsatsa. Ki duba gindin tankin ko yana yoyo kafin a kunna, kuma kananzir zalla za a zuba, ban da fetur. A aji ki rufe tagogi don launin ya fito, amma ke kaɗai za ki riƙe ta, samanta na yin zafi sosai.