Ɗiyata na haddar jadawalin sinadarai, me zai amfana mata?

Baban Zainab, Anka

Assalamu alaikum jama'a. Ɗiyata ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, an ba su haddar sinadarai 20 na farko. Bayan isha'i sai ka ji ta tana ta bita: haidurojin, hiliyam, litiyam. Ni karatuna iyakarsa firamare, awon hatsi nake yi a kasuwa. Na tambaye ta ma'anar akwatunan nan da lambobinsu, ta ce an dai ce su haddace don zai fito a jarrabawa. Don Allah masu ilimi ku fahimtar da ni: mene ne jadawalin nan, wa ya tsara shi, kuma ya shafe mu mutanen karkara ko karatun takarda ne kurum?

Malam Sani mai kemistiri, Gusau

Wa alaikumus salam Baban Zainab. Wallahi in akwai wanda ya cancanci sanin jadawalin nan, to mutumin Anka ne. Amma bari in ɗauko maka daga tushe.

Duk abin da aka ba akwati a jadawalin, abu ne da ba ya rabuwa ya koma wani abu daban, ko an ƙona shi, ko an dafa, ko an niƙa. Gishiri ba ya ciki, domin haɗin sodiyam ne da kulorin. Ruwa ma haɗi ne. Amma zinare, azurfa, baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, kuza, dalma, zaiba da farar wuta, kowanne da akwatinsa. Yanzu 118 ne, kimanin 90 ana samun su a ƙasa da iska da ruwa, sauran masana ne suka samar da su a ɗakin gwaji. Lambar da ke kan akwati kuwa yawan wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira furoton, da ke tsakiyar ƙwayar zarrar abin. Baƙin ƙarfe 26, zinare 79, zaiba 80, dalma 82. Wannan lamba ita ce shaidarsa, babu biyu da suka yi tarayya a kanta.

Wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya fitar da tsarin a 1869, lokacin 63 kawai aka sani. Ya jera su bisa nauyi, ya lura halayensu na maimaituwa, sai ya bar gurabe ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, har ya faɗi kimanin nauyinsu da halinsu. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, a 1886 aka gano jamaniyam a Jamus, suka faɗa daidai guraben da ya bari. Daga baya, a 1913, aikin Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa da lamba ya kamata a jera, ba da nauyi ba.

Layuka 7 ne a kwance, 18 a tsaye, kuma na tsayen ne nake so Zainab ta fi kula da su. Waɗanda ke layi ɗaya a tsaye 'yan gida ɗaya ne, halinsu na kama. Jan ƙarfe, azurfa da zinare duk a layi na 11 suke, masu laushi ne a hannun maƙeri, shi ya sa maƙeran farfaru ke yin awarwaro da zobe da su. Sodiyam da fotasiyam na layin farko, zafinsu ya kai sai a cikin mai ake ajiye su, da sun taɓa ruwa sai tartsatsi. Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne muna sa yara rera 20 ɗin nan kamar waƙa, alhali dalma tana can lamba 82, ba su ma isa gare ta ba.

Kai ka fi ni sanin abin da ya faru a 2010. Dutsen da ake haƙowa don zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari, ana daka, ana niƙawa a inji, har a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. A Dareta, Abare, 'Yargalma da maƙwabtansu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara kimanin 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Me ya sa ba a ce a jira damina ta wanke ba, ko a cinna wuta? Saboda dalma sinadari ce mai akwatin kanta. Ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, sai dai ta sauya wuri. Dole aka kankare saman ƙasar gidaje aka kai rami aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega ma sai a 2013 aka yi mata wannan aiki.

Anti Hauwa, ma'aikaciyar jinya, Talata Mafara

Malam Sani ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni dai zan ƙara ta fuskar asibiti. Kalsiyam, na 20 da ɗiyarka ke rufe hadda da shi, shi jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi. Jiki kan karɓi dalma a madadinsa, ya adana a ƙashi shekara da shekaru, mai ciki kuma tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi saurin tsotse ta. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire dalma, iyaye mata su riƙe wannan. Wani kwallin ma da ake sa wa jarirai dutsen dalma ne. Masu aikin zinare kuma, don girman Allah ku bar kayan aiki a wurin aiki, ku yi wanka kafin ku ɗauki yaro. In za a ƙona curin zaiba don zinare ya fito, kada a yi kusa da gida, tururin nan ƙwaƙwalwa yake taɓawa.

Manomin Fadama, Argungu

Malam, ni ma ka taɓo ni. Buhun takin da muke zuba wa shinkafa an rubuta NPK 15-15-15. Na duba littafin ƙanena na ga P lambarsa 15 ce. To me ya sa sauran biyun ma aka ba su 15?

Malam Sani mai kemistiri, Gusau

Madalla da wannan lura, Alhaji. Haruffan daga jadawalin suke: N naitirojin mai lamba 7, P fosfaras mai 15, K fotasiyam mai 19. Amma lambobin buhu kaso ne cikin ɗari, dacewa ce kawai ta sa na P ya zo ɗaya. Wato a kilo 100 na takin akwai kilo 15 na naitirojin, sauran biyun kuma da nauyin haɗinsu da oksijin ake auna su. Naitirojin ke sa ganye ya yi kore shar, fosfaras na ƙarfafa saiwa, fotasiyam na taimakon kara ya tsaya, ƙwaya ta cika. Yuriya da kuke ƙarawa bayan dashe kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, babu P babu K, don haka ba ta maye gurbin NPK. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 naitirojin ce, sai dai shinkafa ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa ne ke da ƙulle-ƙulle a saiwa inda wasu ƙwayoyin halitta ke kamo musu shi. In ka tumɓuke gyaɗa ka fasa ƙullin da farce, ka ga cikinsa ja-ja, to aikin na gudana.