Na ci BAC D, injiniyanci nake so, ina zan dosa?

Ƙanenku na Garin Malam: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bana Allah Ya ba ni BAC, seri D, a lise Kuran Daga nan Damagaram. Tun ina kwalej injiniyanci nake so, amma yanzu kaina ya ɗaure. Baba na cewa in zauna nan jami'ar André Salifou in yi fannin man fetur a IUT, sashenta na koyon fasaha, tunda ga matatar mai ta SORAZ a bakin ƙofa. Wana na cewa in tafi Yamai in gwada kwankur na EMIG, lakwal ɗin injiniyoyi ta gwamnati. Wani abokina kuma ya kawo mini takardar tallar wata lakwal mai zaman kanta a ƙasar waje, wai shekara 3 ka fito injiniya. Mat ɗina ba laifi, fizik ce ke ɗan ba ni wuya. Don Allah wanda ya bi hanyar ya haska mini.

Kawu na Birni: Wa alaikumus salam. Barka ɗana, Allah Ya sa albarka.

Inna ta Sabon Gari: Ma sha Allah! Ka gaida mini mamanka, ka ce ina nan tafe cin shinkafar BAC.

Ɗan kabu-kabu: EMIG. Magana ta ƙare.

Mushe mai ritaya: Kafin a kai ga sunan lakwal, injiniyan me? Gini, lantarki, injuna, ma'adinai, ruwa? Kalmar gidan haya ce, ɗakunanta da yawa. Sannan ka ce fizik na ba ka wuya, to nan gizo ke saƙa. Ɗan seri D yakan taras ƴan C da ƴan E sun riga shi nisa a mat da fizik a shekarar farko. Ana cim musu, na ga waɗanda suka cim musu har suka wuce, amma ba a fada wajen shan shayi suka yi wakansinsu ba.

Ƙanenku na Garin Malam: Mushe, lantarki ne a raina.

Mushe mai ritaya: Lantarki, kuma fizik na ba ka wuya. To, Allah Ya kyauta. Ka zo gida gobe bayan la'asar da kayenka na tarminal.

Yayanku mai sola, Zango: Ƙanena, waccan takardar tallar da abokinka ya kawo, ajiye ta tukuna ka saurare ni, don ni irinta ce ta kai ni ta baro.

Nima D na yi. Na faɗi kwankur sau ɗaya, zuciya ta ɗebe ni, na ce ba zan zauna ƴan ajinmu su wuce ni ba. Wani ya nuna mini takarda mai ƙyalli, ga hoton ɗalibai da hular kwano suna nuna wani babban inji da yatsa. Lakwal ɗin a wata ƙasar bakin teku take, ba zan kama suna ba. Tsohonmu ya sayar da filinsa na hanyar Mirya, tsohuwa ta haɗa da kuɗin adashinta, aka sa ni mota.

Da na isa, bene ne hawa biyu a cikin unguwa, ƙasansa shagon sayar da taya. Ɗakin da suke kira atiliye, teburi uku ne da osiloskop, na'urar awon wuta, guda ɗaya an lulluɓe shi da zane kamar amarya. Shekara uku ban ga an kunna shi ba, sai ranar da baƙi suka zo ɗaukar hoto. Injin da ke cikin takardar talla kuwa, ashe na wani kamfani ne da suka taɓa kai ziyara. Malamai na zuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, wasunsu ma sun iya allo sosai. Amma komai a allo yake ƙarewa. Mun zana moto ya fi sau ɗari, ban taɓa kwance ko ɗaya ba.

Na dawo da diflom mai zanen zinariya, an rubuta injiniya da manyan baƙaƙe. Gida aka yi walima. Da na je neman a daidaita mini shi da na ƙasa don in ajiye dosiye, sai aka duba aka ce fannin da na karanta ba ya cikin waɗanda aka amince wa lakwal ɗin. Ita tana da izinin buɗewa, fannin ne ba shi da shaida. Ban ma san akwai bambanci tsakanin biyun ba sai ranar.

Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya. Wani ɗan kwangila ya ɗauke ni gwaji a shantiye, ya miƙo mini kwafare, wato akwatin wuta, da kontaktar uku masu haɗa wuta da yanke ta, ya ce in haɗa wa moton famfo tashin etwal-tiriyangil, wata hanyar haɗa wayoyi don tayar da moto. Na san zanen kamar Fatiha. Na tsaya riƙe da turnabis, zufa na bin bayana, ban san wace waya zan fara kamawa ba. Wani yaro da ya fito lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ko gemu bai yi ba, ya karɓa ya gama kafin a sauke shayi na biyu. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ma'aikata suka sa mini suna Injiniyan Allo.

Shekara biyu na yi ina bin wani mai haɗa sola, ina ɗaukar masa tsani da batir, kafin hannuna ya faɗa. Yau alhamdu lillahi ina ci ina ciyarwa, tun ba ma daga 2023 ba, da aka yanke wutar Najeriya kowa ya koma neman fano. Amma filin tsoho bai dawo ba.

Don haka duk inda za ka, nan ne ko waje, abu biyu. Ka tambayi takardar amincewar fannin kansa, ta gwamnati ko ta CAMES, hukumar Afirka mai tantance diflom na manyan makarantu, ka gani da idonka, kada ka yarda da "ana kan hanya". Sannan ka ce a buɗe maka atiliye. In ka ga ƙura a kan injuna, ko aka ce mai makulli ya fita, ka nemi takalminka.

Inna ta Sabon Gari: Wayyo. Ashe abin da ya ci filin nan ke nan. Allah Ya mayar da alheri.

Ɗan kabu-kabu: Injiniyan Allo! Wallahi yaya da ba ka faɗa ba, sunan nan ya dawo ke nan.

Yayanku mai sola, Zango: Kai kuma ka biya ni kuɗin batirin da na sa maka tun azumi.

Ɗan kabu-kabu: Rezo ba kyau nan, ban ga saƙon ba.

Tsohon ɗalibin EMIG: Abin da mai sola ya faɗa gaskiya ne, sai dai kada a yi wa masu zaman kansu kuɗin goro, akwai na kirki. 2iE ta Wagadugu ma biya ake, kuma ba wanda ke raina diflom ɗinta a harkar ruwa da makamashi, illa dai kuɗinta ba na kowa ba ne. EMIG kuwa tana Harobanda, ƙetaren kogi kusa da jami'ar Abdou Moumouni. Sunanta na ruɗin mutane su ɗauka ma'adinai kawai ake yi, alhali akwai lantarki, injuna, gini da kwamfuta. Ka ajiye dosiye ka yi kwankur, ba ka rasa komai ba sai kuɗin mota. Amma ka yi lissafin zaman Yamai, kilomita wajen 900 ne daga nan, ba inda za ka je cin tuwon gida ran Juma'a.

Kawu na Birni: Ni dai ina bayan mahaifinsa. Matatar mai a garinmu, tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana, a ce ɗanmu ya tafi wani wuri neman abin yi?

Tsohon ɗalibin EMIG: Kawu, a gafarce ni. Matatar guda ɗaya ce, yara kuwa kowace shekara fitowa suke. Kuma in ka shiga irin wannan wuri, masu kula da wuta da famfuna da na'urorin awo ba su da iyaka. Mai lantarki zai iya aiki a SORAZ, ya iya a kamfanin wuta NIGELEC, ya iya a kamfanin kwal SONICHAR ko siminti na Malbaza ko tashoshin bututun man da ya tafi Benin. Wanda ya karanta fetur zalla ƙofofinsa ba su kai haka ba. Mu da muka ga rufe kamfanin haƙar yuraniyam COMINAK a 2021 mun san yadda ake ji in ƙofa ɗaya mutum ya sani.

Kawu na Birni: To, ku ne ƴan boko.

Antinku ta shantiye: Ban ga wanda ya ambaci Maraɗi ba, ga ta nan kusa. IUT ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na da lantarki da gini da injuna. Ni can na yi DUT na gini, diflom ɗin fasaha na shekara 2, na yi aiki, na tara, sannan na koma na ƙara. Hawa-hawa. Amfanin wannan hanya, ko karatu ya tsaya maka a tsakiya, kana da takarda a hannu da sana'a. Kuma ƙanena ka riƙe wannan: a tsarin LMD na jami'a, wato lisans, mastar, doktora, shekara 3 lisans ce. Duk wanda ya ce maka BAC da shekara 3 injiniya ne cikakke, tambaye shi wane iri. Injiniyan ƙirƙira da lissafi BAC da shekara 5 ne.

Batun istaj kuma, wato koyon aiki, kada ka jira sai lakwal ta tura ka. Wakansin nan ma ka samu wani mai aikin wuta ka bi shi, ko kyauta ne. Ni aikina na farko wanda na yi wa istaj ne ya kira ni, ba dosiyen da na ajiye ba.

Yayanku mai sola, Zango: Ya zo wurina. Abinci da kuɗin kabu-kabu a kaina, tsani a kansa.

Baƙonku Bakano: Duk kun manta da mu. Ga jami'ar BUK ta Kano, ga ABU Zariya, shekara 5 ya fito da digirin injiniya, har da watannin koyon aiki a kamfani a cikin tsarin. Kano ta fi muku Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma sefa na da ƙarfi a kan naira yanzu.

Mushe mai ritaya: Da wane Ingilishi? Yaron da ya yi shekara 13 da Faransanci, sai ya ɓata aƙalla shekara guda kan harshe kafin ya fahimci malami. Ban hana ba, amma a sa ta cikin lissafi.

Ɗan kabu-kabu: Mu aika muku yaro ku mayar mana da shi ɗan kasuwar Kwari? A'a, mun gode.

Baƙonku Bakano: Ko ba komai zai yi wanka kullum. Ku da kuke bin ƴan garuwa da bido tun asuba.

Kawu na Birni: Kai Bakano, kiyaye. Kakanninka sun san Damagaram.

Antinku ta shantiye: Wasa wasa, Bakano ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa rijiya ba ta ba da ruwan kirki a cikinsa, sai an jawo daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram. Kowane foraj kuwa famfo ne da moto da wuta. Da ni ce mai shekara 19 yau, lantarki zan yi in karkata wajen famfunan sola. Ƙauyukan Mirya da Magarya da Tanut kaɗai sun isa su cinye rayuwar mutum yana aiki.

Inna ta Sabon Gari: Mu dai unguwarmu yau kwana uku. Bido har nawa ake sayarwa wajenku?

Ɗan kabu-kabu: Inna kada ki tayar mini da hawan jini.

Mushe mai ritaya: Wani abu da ba a faɗa ba: dosiyen ANAB, hukumar tallafin kuɗin karatu. Ko ina ka zaɓa, ka haɗa takardunka da wuri, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, rilebe na BAC, duk a buga musu hatimi kofi da yawa. Ta nan ne kuma ake sanar da bursin ƙasashe irin Aljeriya da Maroko, su kuwa mwayen suke kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nawa ka samu ma?

Ƙanenku na Garin Malam: Mushe, zan faɗa muku gobe in na zo.

Ɗan kabu-kabu: An gane.

Baƙonku Bakano: Tunda an ce Hausa ce harshen ƙasa a wurinku yanzu, Mushe a fassara mana etwal-tiriyangil ɗin nan.

Mushe mai ritaya: Tauraro da murhu.

Yayanku mai sola, Zango: Wallahi da haka aka koya mini da na haɗa shi ranar.

Tsohon ɗalibin EMIG: Ka kuma sa shekara 2 na sarbis sibik, wato bautar ƙasa, a lissafinka in aikin gwamnati kake hange. Sannan ka koyi AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, tun yanzu, ko a tsohuwar kwamfuta ce, da ɗan Ingilishin karanta takardun injuna, don yawancin kayan da ke shigowa ba da Faransanci suke zuwa ba.

Kawu na Birni: Ni har yanzu ban ji abin da ya hana shi zama gaban iyayensa ba. Yaro ya tafi Yamai ya dawo da wando a gwiwa.

Antinku ta shantiye: Kawu, ni da na tafi Maraɗi ina mace, me na dawo da shi?

Kawu na Birni: Ke daban ce, ƴata.

Ƙanenku na Garin Malam: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. To in na fahimta, in yi kwankur na EMIG, in ajiye dosiye Maraɗi, wanda ya fito shi ke nan? Baba kuma wa zai yi masa magana?

Inna ta Sabon Gari: Kawunka na Birni mana, ai abokinsa ne.

Kawu na Birni: Ni da nake bayansa?

Mai zaure: Jama'a a yi haƙuri, ana tuna wa waɗanda ba su ba da gudummawar sunan ranar Asabar ba, yau ce ranar ƙarshe.

Yayanku mai sola, Zango: Ƙanena, Litinin ƙarfe 7 a shago. Ka zo da rufaffen takalmi, ba silifa ba.