Wace kalma za mu ba «modération»?

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk sadda aka zauna nan Maraɗi kan maganar aure da saki, sai wani ya jefo kalmar Faransanci «modération», mai fassara kuma ya ce «sassauci». Ina roƙon mu daina. A tattaunawar da muke yi kan kalmar da za ta maye gurbinta, wata Hajiya ta kawo «daidaito», wani Malam kuma ya kawo «wasaɗiyya» ta Larabci.

Wanda ya ji sassauci, abin da ke faɗo masa shi ne an kwance ɗaurin addini. Shi ke nan ya toshe kunne. Mun ga yadda aka ƙare da daftarin dokar iyali a 2011, tun ba a karanta ba jama'a suka juya baya. Saboda wannan tarihin ne ma ban ɗauki «daidaito» da Hajiya ta kawo ba. Ki yi haƙuri Hajiya, kalmar tana da kyau, amma a kunnen mutanenmu ta riga ta zama ta masu cewa a daidaita mace da namiji a gado.

Allah gafarta Malam ya ce a bar ta «wasaɗiyya», tunda asalinta aya ta 143 ce a Baƙara. Gaskiya ne, kuma a hadisi an fassara «wasaɗ» da adalci. To amma Malam, tsohuwar da ta raka jikarta wurin alƙali ba za ta gane ta ba.

«Tsaka-tsaki» fa? Ga inda ta gaza. Misali, miji yana Kano ko Agadas, ya fusata da dare, ya rubuta «na sake ki» a WhatsApp, ya tura, da safe ya goge. Ita kuwa ta riga ta ɗauki hoton saƙon. A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin fiƙihu na Muhtasar Halil ya yi bayani: saki a rubuce yana aukuwa in ya rubuta da azama, in ma ba da azama ba, to yana aukuwa da zarar ya isa gare ta. Ɗan tsaka-tsaki sai ya ce ba ruwansa, ku je ku sasanta. Ita kuma a bar ta ba ta san ko idda take ba ko aure. Wanga ba shi ake nufi da «modération» ba. Ana nufin malamin da zai bincika ko mijin ne ya rubuta ko wani ya ɗauki wayarsa, ya ƙirga saki nawa suka gabata, ya faɗi hukunci ko da bai yi wa mijin daɗi ba, kuma bai yi gaggawar raba auren da bai rabu ba.

Don haka na tsaya kan «tsakaitawa». Malamanmu na amfani da ita a wa'azi, kuma aiki ce da mutum ke yi, ba wurin rakuɓewa ba. «Modéré» sai ya zama «mai tsakaitawa». Masu aikin rediyo ku gwada ta a baki, ku faɗa mana ko ta zauna.