Wa aka taɓa cire ma kuɗi a katin banki bai sani ba? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai shago a Katako:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda irin wannan ya taɓa samu ya faɗa mana, ni dai sati biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da katin Visa da nake biyan kaya da shi in na yi komand daga Sin, caja ne da ekutar da gilashin waya. Wata ranar Talata ina cikin shago mesaji ya shigo wai an cire sefa 656, na duba na ce ƙila kuɗin mesajin banki ne ko wani kamasho nasu, dala ɗari da talatin har nawa take, ga kiliya tsaye yana jira, na mayar da waya aljihu. Bayan kwana tara, wajen ƙarfe biyun dare, aka cire sau uku a jere, 98.000, 98.000, sai 91.400. Ban gani ba sai da na tashi sallar asuba. Katin yana aljihun rigata rataye a ɗaki, ban ba kowa ba, ba a turo mini kod ko ɗaya ba. Ƙarfe takwas ina ƙofar banki, sun rufe katin sun ce in rubuto takarda, na rubuta na kai, har yau shiru. Jika 287 jari ne a wurina, ba riba ba. Akwai wanda aka taɓa mayar ma kuɗinsa? Wata nawa ya ɗauka?

Ɗan Adar, Tawa:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Mu ga tsohonmu abin ya hwaru. Ya yi ritaya, kuɗɗin fansho nashi na shiga banki, munka yi mishi kati lokacin da za shi Umra don kada ya ɗauki kuɗɗi da yawa ga jiki. Ya dawo lahiya lau. To ashe tsohuwar lambar waya da anka rubuta ga banki ita ce wadda ta ɓace mishi tun bara, mun saya mishi sabon sim amma ba wanda ya tuna a tahi banki a canza lamba, duk mesajin da banki ke turowa can yake tahiya. Wata biyar ana cira kaɗan kaɗan, yau jikka huɗu gobe jikka bakwai, shi ko tsoho in ya tahi gishe ya ga kuɗɗi sun ragu sai ya ce cikin ɗiyanshi wani ya ɗauka kuma ba ya son tada magana. Wallahi wannan ya hi kuɗɗin ƙona mini rai, wata biyar yana zargin mu cikin zuciyatai bai hwaɗi ba. Sai da ƙanwata ta raka shi ta ce a buga musu releve, takardar shiga da hitar kuɗɗi, na wata shida, anka ga sunayen shagunan intanet da tsoho bai taɓa ji ba, shi da ko WhatsApp jikanshi ke buɗe mishi. Na watannin baya-bayan nan sun mayar, na farko sunka ce lokaci ya wuce.

Maman yara, Yantala:
Ni nawa ba ɓarawo ba ne kai tsaye amma a wurina sata ce. Na shiga wani aplikasiyo na koyon Turanci da aka ce kwana bakwai kyauta, amma sai ka sa lambar kati, na sa, na yi kwana uku na gaji na goge shi daga waya, ni a ganina an gama ke nan. Ashe goge aplikasiyo ba ya kashe abonema. Yuro 9,99 kowane wata, wato sefa 6.553 ban da kamashon banki, kuma yana faɗowa ne daidai lokacin da albashi ke shiga, ga kuɗin lekol ga wuta ga ruwa duk suna fita lokaci guda, ban taɓa lura ba. Wata 14. Ku lissafa, kusan jika 92. Maigidana ne ya gani ranar da muke duba releve don neman bashin fili. Banki sun ce ni na sa katin da hannuna kuma na yarda da sharuɗɗa, ba ruwansu. Na rubuta ma kamfanin da faransanci sun mayar mini da wata biyu kawai. Duk mai waya ya shiga wurin abonema a Play Store ko App Store yau ɗin nan ya ga abin da ke tafiya da sunansa.

Tsohon ma'aikacin banki:
Alhaji na Katako, 656 ɗin nan da ka gani yuro ɗaya ne cif, tunda yuro a kan sefa 655,957 yake ba ya motsi. Gwaji ne. Masu wannan sana'a suna sayen lambobin kati da yawa a dunƙule, ko waɗanda aka sato daga shagon intanet da aka fasa, ko kuma su sa na'ura ta yi ta cankar lambobi tunda lambobi shida zuwa takwas na farkon kati suna nuna bankin da ya fitar da shi, saura ne ake canka. Sai su gwada kowane da ɗan kuɗi kaɗan su ga wanne ke da rai. Wanda ya wuce kuma mai shi bai rufe ba, shi ake komawa a yashe. Da ka kira a ranar Talatar nan ka yi opozisiyo, wato ka sa a rufe katin, da ba a kai ga jika 287 ba. Ba laifi nake ɗora maka ba, mutum tara cikin goma abin da ka yi za su yi, ina faɗa ne don masu karantawa.

Amma akwai labari mai daɗi a cikin maganarka, ka ce ba a turo maka kod ba. Kod ɗin da ke zuwa ta mesaji lokacin biya a intanet, wanda ake ce ma 3D Secure, shi ne shaidar cewa mai kati ne ya biya. Ba kowane shago ke neman sa ba, wasu lambobi 16 na gaba da ranar ƙarewar kati da lambobi uku na baya sun ishe su. To a ƙa'idar Visa da Mastercard in shago bai nemi kod ba aka yi sata, galibi asarar a kan shagon take komawa, bankinka zai tura ƙorafi ta hanyar Visa zuwa bankin shagon a janyo kuɗin. Abin da ke kashe mutane lokaci ne, yawancin irin wannan ƙorafi kwana 120 ne daga ranar da aka cire, wasu bankuna ma nasu wa'adin ya fi haka gajarta, shi ya sa na tsohon ɗan Adar na farko suka tafi. Don haka ka koma, kada ka tsaya a gishe, ka nemi wanda ke kula da kwantinka ko masu sashen kati, ka tambaya ko an tura kontestasiyo ɗin, wato ƙorafin naka, kuma wace rana, su ba ka lambar dosiye. Takardar da ka kai, an buga maka tambari da kwanan wata a kan kwafi ka riƙe? In ba a yi ba ka sake rubutawa ka yi fotokopi biyu. Ka sa kowane cira daban, rana, awa, adadi, sunan da ya fito a releve, ka rubuta ƙarara ba ni na yi ba kuma kati bai bar hannuna ba. Na ga dosiye da yawa sun kwana a durowa don mai su ya faɗa da baki ya tafi gida yana jira.

Mai shago a Katako:
Malam Allah ya saka da alheri. Wallahi ba a buga mini komai ba, na miƙa takarda yarinyar ta karɓa ta ce za a kira ni. Gobe da safe ina can in sha Allah.

Direban Ƙonni:
Ni kam na ba su kod da bakina, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi baƙi. Ina kan hanya na tsaya Dogon Dutsi cin abinci, wani ya kira da faransanci mai kyau, ya faɗi cikakken sunana ya faɗi lambobi huɗu na ƙarshen katina, ya ce daga banki ne, wai yanzu haka wani yana ƙoƙarin cire jika 150 a kwantina, za a turo mini kod in karanto mishi su tare. Mesaji ya shigo kuwa nan take. Na karanta mishi. Kod ɗin nan shi ne na biyan jika 150 ɗin, a jikin mesajin ma an rubuta adadin da sunan shagon da gargaɗin kada a ba kowa, ban karanta ba lambobin kawai idona ya nema saboda ruɗewa. Banki sun ce tunda an sa kod ba abin da za su iya. Na kai ƙara wurin ƴan sandan PJ, masu binciken laifuka, a Yamai, sun karɓa sun ɗauki lambar da ta kira ni, akwai doka ta 2019 a kan laifukan intanet, amma kuɗi dai ba su dawo ba. Yanzu ko wa ya kira ya ce banki ne sai in kashe in kira lambar da ke bayan kati da kaina.

Ɗaliba, Harobanda:
Abin da ba wanda ya faɗa tukuna shi ne aron kati. Mu a jami'a mutum ɗaya ke da kati mutum ashirin na biya da shi, kuɗin rajistar jarrabawa, dosiyen neman makaranta a waje, kowa sai ya ce yaya taimaka mini. Yayana ya ɗauki hoton katinsa gaba da baya ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma na je siber na nuna ma mai siber ɗin wayata ya cika mini, na ga ya daɗe yana kallo amma ban kawo komai ba. Bayan sati uku aka fara sayen kayan wasan intanet da katin. Ba zan rantse shi ne ba, hoton ya zauna a wayata ya zauna a ta yayana, amma dai daga nan ya fita. Yaya bai yi mini faɗa ba, shi ya sa abin ya fi damuna. Yanzu ya yi kati prepeye daban wanda ba ya haɗe da kwantin albashi, in za a biya jika 40 ya zuba 41 a biya a tashi.

Alhajin Wadata:
Ku yi haƙuri in kawo wani gefen, ba duk abin da ba ka gane ba ne sata. Na sauka otel a Dubai suka riƙe kuɗin garanti a katina, na dawo na ga kuɗi sun ragu na je na tada hankalin mutanen banki har da ɗaga murya, bayan kwanaki kuɗin suka dawo da kansu don riƙewa aka yi ba cirewa ba. Sau da yawa kuma sunan da ke fitowa a releve ba shi ne sunan da ke kan allon shago ba, sunan kamfanin da ya yi rajista ne. Wani maƙwabcina ya rufe kati ya kai ƙara, ƙarshe ɗansa ne ɗan shekara 11 ke sayen abubuwa a cikin wasa don katin yana ajiye a wayar. A tambayi gida tukuna.

Tsohon ma'aikacin banki:
Gaskiya ne Alhaji, amma ni zan juya tsarin, a rufe tukuna sannan a tambayi gida. Sabon kati ƴan jikkuna ne da jiran kwanaki, kwanti in an yashe shi wata da watanni ne. Bankuna da yawa yanzu a cikin aplikasiyo nasu kana iya dakatar da kati da kanka ka sake buɗewa, ko ka kashe biya ta intanet ka kunna sai lokacin da za ka biya, ko ka rage plafo, wato iyakar kuɗin da za a iya cirewa a rana. Wanda kuma ba ya sayayya a waje, albashi kawai yake cirewa a gishe a nan ko Lome ko Abijan, katin GIM-UEMOA, wato katin bankunan yankinmu, ya ishe shi a ƙasashe takwas masu sefar Afirka ta Yamma, ba dole sai kati na duniya ba. Ga tsofaffi irin baban ɗan Adar abin da nake ba da shawara ke nan, kuma a tabbatar lambar da ke karɓar mesaji tana hannun mai iya karantawa.

Maman yara, Yantala:
Ni tun lokacin na sa ranar 5 ga wata, bayan sallar isha'i in yara sun kwanta, nake buɗe releve in bi layi layi da biro. Minti goma ne. Watan jiya ma na kama an cire mini kuɗin kati sau biyu, na je aka gyara.

Mai shago a Katako:
Jama'a na dawo da labari. Na koma kamar yadda Malam ya ce, ashe takardata ta farko ba a ma tura ta ba, tana cikin wani fayil. Na sake rubutawa a gabansu, aka buga tambari, aka ba ni lambar dosiye na rubuta a bayan littafin bashi na shago. Yau kwana 38, an mayar da 98.000 guda biyu, jiya da la'asar mesaji ya shigo ina auna ma wani gilashi, sai da na zauna a kan benci. Na 91.400 sun ce shagon can ya yi gardama, ana jiran su kawo shaida, in koma ranar Alhamis. Sabon katin ya zo, na haddace lambobi ukun baya na manne wurin da baƙin salatif, biya ta intanet kuma a kashe yake sai ranar komand. Ɗan Adar ka gaida mini da Baba, ka ce ina yi mishi fatan lafiya. Malam in Alhamis ɗin sun sake ce mini in jira, akwai wata takarda da ya kamata in tafi da ita?