Taƙaitawa: ƙaramin manomi da ɗan ƙwadago a karkara

Jama'a, ga abin da na tsinto daga tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa babbar asara tana zuwa ne da kaka. Manomi na sayar da amfaninsa da araha don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada lokacin bazara. Shawara: rumbun haɗin gwiwa da buhunan da iska ba ta shiga, saboda ƙwari. Ni ma nan na fi karkata.

2. Rance ya raba kawuna. Wasu sun ce ba a noma ba jari, wasu suka ce idan damina ta gaza, bashin da ruwansa na cinye gonar. Da yawa sun zaɓi adashe.

3. Masu aikin lada a gonakin wasu, musamman mata, ba hutun jinya, ba fansho. An kawo rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018: mutum biliyan 2 a duniya ke aiki marar rajista, a gona da sauran sana'o'i. Abin tausayi ne ƙwarai.

4. Inshorar lafiya: an so ta, amma an nemi a riƙa karɓar kuɗinta bayan girbi.