Tarwada na tsayuwa a saman ruwa awa biyar bayan cin abinci

Salamu alaikum masu kiwon kifi. Ga matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Tankin kankare ne mai lita 6,000, tarwada 600, kowace kusan giram 250. Ana ba su kilo 4.5 a rana, abinci mai furotin kashi 42, rabi da safe rabi da yamma. Kafin ciyarwa amoniya (dattin da kifi ke fitarwa a ruwa) na miligiram 1.5 a kowace lita, amma bayan awa biyar takan kai 6, kifayen su tsaya a miƙe a saman ruwa, matarfin numfashinsu ya yi ja. Ruwan burtsatse ne, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.2, zafi digiri 30.

Sananne ne cewa kifi na fitar da mafi yawan amoniyarsa ta matarfin numfashi, ba ta kashi ba, kuma idan ta yi yawa a ruwa sai ta kasa fita, ta taru a jini. A wannan pH ɗin wajen kashi 11 cikin 100 nata ne mai guba. An zuba gishiri, shiru. Ba mamaki, tunda maganin naitirait ne, wata guba dabam mai mayar da jini ruwan ƙasa, kuma jinin kifin da aka yanka ja ne, bai koma ruwan ƙasa ba.

Abin da ya ɗaure kai: ana canza rabin ruwa kullum da asuba, lokacin da amoniya ta riga ta sauka. A mayar da canjin zuwa azahar ne, ko a raba abincin gida huɗu? In kuma aka sauko furotin zuwa kashi 35, nawa girmansu zai ragu?