Neman kalma: me za mu kira "damage reduction" da Hausa?

Mai jan wasa: Salamu alaikum. Ina fassara wa ƙannena dokokin Pathfinder, wasan labari na kan tebur da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 bisa tsarin Dungeons & Dragons bugu na 3.5, sai na cije a kan "damage reduction", wanda ake taƙaitawa DR. Na sa "ragin rauni". Ma'ana ta fito, amma ga abin da ya jawo: ƙanena ya harbi ƙwarangwal mai DR 5 da kibau uku, ta farko ta yi raunin maki 7, ta biyu 6, ta uku 4. Ya tara 17, ya cire 5, ya ce ya yi masa 12. Ni kuwa na ce 3 ne, don kowace kibiya ake cire wa 5: saura 2, da 1, ta ukun ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya ce ai ragi sau ɗaya ake yi a kasuwa, bayan an haɗa kuɗin kaya. Gaskiyarsa, kalmata ce ta yaudare shi. A taimaka da wata.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Me zai hana ka ce sulke ko garkuwa?

Mai jan wasa: Allah ya gafarta Malam, waɗannan suna da aikinsu daban a wasan. Su ke sa a kasa samun mutum tun farko. Wannan kuwa an riga an same shi, jikin ne ke shanye wani abu daga kowane sara. Kuma yana da lago: ana rubuta DR 10/silver ga mutumin da aka haifa yana rikiɗa ya zama kyarkeci, ma'ana makamin azurfa na ratsa shi ba ragi.

Malamin Hausa: To ai ka faɗi kalmar da bakinka, ƙanena. Tauri. Ka taɓa kallon 'yan tauri ranar hawan salla? Wuƙa ta sauka a jiki, amma ba ta kama ba. Babu Bahaushen da zai ce a tara sara goma sannan a tambayi tauri; kowane sara shi da fata ne, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke karya shi kuma muna da sunansa tun kaka da kakanni: makari. Sai ka ce tauri 10, makarinsa azurfa. Ƙwarangwal ɗin naka, me ke ratsa shi?

Mai jan wasa: Makamin duka, irin su kulki da guduma. Malam, har na yi dariya, don ana cewa ɗan tauri bai tsoron wuƙa, gora yake tsoro!

Damuwata biyu. Ɗan tauri a labari ba ya jin komai, alhali a nan jarumi mai katon takobi da ya yi 17 a sara guda zai shigar da 12. Sannan akwai "hardness" na ƙofa da bango, shi ma tauri ne.

Malamin Hausa: Na farkon lamba ta warware shi, tauri 5 ba tauri 15 ba ne. Na biyun ka ce taurin jiki da taurin abu, tunda na ga duka biyun cirewa ake yi daga kowane bugu. Amma kada ka kai kalmar ga abin da Dungeons & Dragons bugu na 5 na 2014 ya kira "resistance", mai raba rauni biyu. Can tarawa da rarrabawa kusan ɗaya ne. Shi ka ce juriya.

Mai jan wasa: Na karɓa, Malam. A takardar yara zan rubuta tauri 5/duka, a karanta "tauri biyar, makarinsa duka", ƙarƙashinsa kuma: kowane sara da nasa ragi. Wuta da sanyi na tsafi ba ruwansu da tauri, wannan ma zan sa. Ƙanen nawa kuma na nuna masa baiwar Clustered Shots, wadda ke bai wa maharbi damar tara kibansa kafin a cire tauri sau ɗaya. Ya ce ita zai ɗauka da zarar ya cika sharuɗɗanta, ya karɓi 12 ɗinsa.